Yadda sabis ɗin tanis ya hana ni saɓa babbar riga

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Waɗanda muke haɗuwa da su a Sabo ranar Juma'a sun daɗe suna tsokanata, wai me ya sa na daina sa babbar riga, ko tsadar rayuwa ce ta sa na kai ta kasuwa. Wasu kuma sun lura akwai lokacin da nake miƙa hannu a gaisa ina yamutsa fuska. Rigata tana nan lafiya lau a cikin akwati. Kafaɗata ta dama ce ta yi kusan wata biyu ba ta yarda in ɗaga hannu in saɓa rigar ba. Kuma ba faɗuwa na yi a kan okada ba kamar yadda na riƙa ce wa mutane. Wasan tanis ne ya yi mini haka, ko in ce ni na yi wa kaina. Yau dai zan faɗi gaskiya, don na ga yaranmu biyu sun fara zuwa filin, kuma da ganin yadda suke riƙe raket na san hanyar da na bi suka kama.

Na zo Ibadan karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙasar noma. Kun san yadda rayuwarmu take a nan. Daga ɗaki sai dipatmen, daga dipatmen sai masallaci, ranar Asabar a gangara Sabo a ci tuwo a ji Hausa. 'Yan ajinmu mu goma sha ne, ni kaɗai ne ɗan Arewa, kuma gaskiya ban sake da su ba. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Wajen watan Nuwamba kaina ya ɗauki zafi da karatu, sai na fara tsayawa da yamma a bakin filin tanis ina kallo. A gida dama muna ɗaukar tanis wasan manya ne, na masu farin gajeren wando. Ina jin labarin gasar Dala da ake yi a Kano, amma ko sau ɗaya ban taɓa zuwa kallo ba. Ƙwallon tebur kawai na sani.

Akwai wani dattijo Bayarabe da ke koya wa yara a filin, kowa Baba yake ce masa. Ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya shekaru masu yawa, Hausarsa har da karin magana. Rana ta uku da ya gan ni a tsaye sai ya ce, “Malam, kallo ba ya ƙosar da mai yunwa, shigo.” Ya ara mini tsohon raket. Cikin mako uku na iya mayar da ƙwallo daidai gwargwado. Inda na maƙale shi ne sabis.

Ga wanda bai san wasan ba, sabis ɗin nan ba na waya ba ne. Shi ne bugun da ake fara kowane maki da shi. Kana tsaye a bayan layin ƙarshe, ka cilla ƙwallo sama da hannu ɗaya, ka buge ta a saman kanka, ta tsallake raga ta faɗa cikin wani ɗan akwati da ke ɗaya ɓangaren a karkace. Tsawon filin mita 23.77 ne, tsayin raga a tsakiya bai kai mita ɗaya ba, akwatin kuma ya ƙare ne mita 6.40 daga raga. Dama biyu gare ka. Ka ɓarar da su, maki ya tafi ba tare da abokin wasanka ya ko motsa ba. Shi ne bugu ɗaya tilo da ba wanda ya isa ya dame ka a cikinsa, don haka in ya lalace ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Ni kuma na taso da fartanya da galma, na san ina da ƙarfin damtse. A tunanina sabis ba komai ba ne illa ka ɗaga hannu ka maka wa ƙwallo da iya ƙarfinka. Na riƙe raket kamar mai riƙe mafici, fuskarsa na kallon raga tun daga farko har ƙarshe, ƙirjina ma na kallon raga, ƙafafuna a sandare. Baba ya yi ta ce mini, “Malam, riƙe shi kamar gatari, ka juya gefe.” In na gwada sai ƙwallon ta tafi filin maƙwabta, yara su yi dariya, in koma irin nawa riƙon. Aƙalla da shi ƙwallon tana shiga.

Abin da ya tunzura ni wata yarinya ce 'yar aji biyu, siririya, in ka gan ta ka ce iska za ta ɗauke ta. Ranar da Baba ya haɗa mu wasa, sabis ɗinta yana wuce ni kafin in gama ɗaga raket. Nawa kuwa, da duk nishin da nake yi, sai ta tako a hankali ta mayar mini da shi inda ta ga dama. Da aka tashi ta ce, “Alhaji, sannu da ƙoƙari.” Wallahi ba da raini ta faɗa ba, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Daga ranar na fara zuwa filin bayan sallar asuba, ni kaɗai, da bokitin tsofaffin ƙwallaye. Kullum sai na buga ɗari ko fiye. Ban gaya wa Baba ba. Girman kai rawanin tsiya.

Wajen mako na biyar na fara jin wani tsini a saman kafaɗa ta gaba duk lokacin da na ɗaga hannu ya wuce kafaɗa. Na sayi man zafi, na ci gaba. Sai ya zama ba na iya kwanciya ta ɓangaren dama. Sai ɗauko littafi daga saman kanta ya zama aiki. Ranar wata Juma'a a watan Fabrairu na sa babbar riga, na zo saɓa hannunta, sai da na zauna a bakin gado don azaba. Wani abokina ɗan Katsina da ke karatun gashi da motsa gaɓoɓi shi ya tasa ni gaba zuwa asibiti, yana ta faɗa a hanya: “Mutumina, kai da kake digiri na biyu, kemis ne likitanka?” Aka duba aka ce jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin damtse ne suka kumbura saboda yawan gurzawa, Allah Ya taimake ni ba su yage ba. Aka ce mako shida ba raket, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba aikin da zai sa in ɗaga hannu sama.

A nan hankalina ya tashi, domin a watan Maris ya kamata in ɗebi samfurin ƙasa na bincikena kafin ruwa ya zauna. Ana yin aikin ne da wani dogon ƙarfe da ake murɗawa cikin ƙasa da hannu biyu, rami bayan rami, sannan a ɗauko buhunan zuwa ɗakin gwaji. In damina ta kankama ban ɗiba ba, lissafin ya rushe, sai wata shekarar. Kuɗin makaranta na ƙarin shekara kuwa kun san daga aljihun wa zai fito. Zan dawo kan wannan.

Da yake ba na iya wasa, sai na koma zama a benci kusa da Baba ina kallo. Na faɗa masa abin da na aikata. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Malam, ka taɓa jifan mangwaro?” Na ce sosai. Ya ce in tuna yadda yaro yake yi. Ba ya miƙar da hannu ya tura dutse. Yakan juya gefe, ya taka ƙafa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, gwiwar hannu ta yi gaba, shi kuwa tafin hannun da ke riƙe da dutsen yana can baya an bar shi, sai a ƙarshe ya fizgo kamar bulala. Ya ce sabis jifa ne, sai dai sama ake jefawa, kuma raket ne dutsen. Da daddare na shiga intanet ɗin makaranta na nemo abin da masu binciken motsin jiki suka rubuta. Abin da na tarar ya ba ni kunya, don maganar Baba ce, sun dai sa mata lambobi.

Ga gwajin da za ku yi yanzu a inda kuke zaune. Ka ɗaga gwiwar hannunka ta yi daidai da kafaɗa ta gefe, ka lanƙwasa ta yatsu su kalli sama, kamar mai rantsuwa. Kada gwiwar ta motsa daga inda take. Ka tura tafin hannun baya iya yadda zai tafi. Wannan ita ce murɗawar damtse zuwa waje. Yanzu ka kawo shi gaba har tafin ya kalli ƙasa. Wannan ita ce murɗawa zuwa ciki. Ka lura ba gwiwa ce ke aikin ba, ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu ne yake juyawa a cikin gurbinsa. To wannan ɗan motsin da ba ma ko kula da shi, shi ne uban tafiya a sabis.

A 1995 wani masani a Ostareliya, Bruce Elliott, da abokan aikinsa suka ɗauki hotunan ƙwararrun 'yan wasa suka lissafa gudummawar kowace gaɓa ga gudun kan raket a daidai lokacin da ya haɗu da ƙwallo. Murɗawar damtse zuwa ciki ta ba da kusan kashi 54 cikin 100. Lanƙwasawar wuyan hannu ta ba da kusan kashi 31. Juyawar hannu daga gwiwa zuwa ƙasa, wadda masu koyarwa suka fi yawan magana a kanta, kusan kashi 5 kacal. Miƙe gwiwar hannu kuwa, abin da ni na dogara da shi gaba ɗaya, a wannan lokacin ba ya ƙara wa raket gudu zuwa gaba. Aikinsa ya kai raket sama, ya shirya hannu don murɗawar.

Wasu masanan kuma, Glenn Fleisig da tawagarsa, sun auna 'yan wasa 20 a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Sun ga kafin bugu damtse yana murɗawa baya har wajen digiri 172, in an haɗa da lanƙwasawar baya da motsin allon kafaɗa. Wato hannun da ka ɗaga kamar mai rantsuwa ya kwanta baya kusan shimfiɗe. Daga nan sai ya dawo ciki da gudun da ya kai digiri 2,420 a daƙiƙa ɗaya ga maza, 1,370 ga mata. Ka raba 2,420 da 360, ka ga kusan zagaye bakwai ke nan a daƙiƙa da a ce zai ci gaba da juyawa. Babu mai iya yin wannan da gangan ta hanyar ɗaure tsoka. Kuma ba su suke tura hannun baya ba. Ƙafafu ne ke tunkuɗa jiki sama, ƙugu da ƙirji su juya, nauyin raket ya sa shi faɗawa bayan mutum, tsokokin ƙirji da na gaban kafaɗa su miƙe kamar robar danƙo, sannan su saki. Wanda ya ɗaure hannu tamau ya hana wannan faruwa. Na tuna majajjawar da muke korar tsuntsaye da ita a gonar gero: igiya ba ta da ƙarfin kanta, amma in ka sa sanda a madadinta dutsen ba zai je ko'ina ba.

A nan ne na gane dalilin riƙon gatari. In raket ya miƙe sambal da hannunka, duk murɗawar da za ka yi sai dai ya juya a wuri ɗaya kamar maburgi a tukunyar miya, kansa ba zai yi gaba ba. Amma in akwai kusurwa tsakanin raket da hannu, kamar yadda ruwan gatari yake da ƙotarsa, to da damtse ya murɗa sai kan raket ya sharo da gudu. Shi ya sa ƙwararru suke tunkarar ƙwallo da gefen raket, kamar za su sare ta da adda, sai a ƙiftawar ƙarshe fuskar ta buɗe. Bayan bugu za ka ga tafin hannunsu ya juya waje, babban yatsa na kallon ƙasa, kamar mai duba agogon hannu. Riƙon mafici da nake yi ya riga ya buɗe fuskar raket tun farko, bai bar wa damtse abin da zai murɗa ba. Sai turawa kawai.

Abu na biyu shi ne wanda ya ji mini ciwo. In ka ga hoton ɗan wasa yana sabis za ka rantse hannunsa a miƙe yake sama kusa da kunne. A wancan awon na Sidni, kusurwar da ke tsakanin damtse da gangar jiki wajen digiri 100 ce kawai, wato kaɗan ta wuce daidai kafaɗa. Jikin ne gaba ɗaya ya karkace, kafaɗar hagu ta yi ƙasa, ta dama ta hau sama. Ni kuwa kafaɗuna suna daidai kamar mai ɗaukar hoton fasfo, sai in ɗaga hannu ya manne da kunne in maka. Abokina ɗan Katsina ya zana mini a takarda. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi, tsokoki huɗu ne ƙanana da jijiyoyinsu suke riƙe kan ƙashin a wurinsa, kuma ɗaya daga cikin jijiyoyin tana bi ta wani matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa. Duk sanda na ɗaga hannu haka na buga da ƙarfi, matse ta nake yi. Sau ɗari a rana, mako biyar. Ku yi lissafin da kanku.

Akwai kuma wani likitan ƙashi a Amurka, Ben Kibler, da ya lissafa cewa kusan rabin ƙarfin sabis daga ƙafafu da ƙugu da gangar jiki yake fitowa. Ya ce in abin da ƙugu da gangar jiki ke turowa ya ragu da kashi 20 cikin 100, sai kafaɗa ta ƙara gudun juyawa da kusan kashi 34 kafin a sami bugu iri ɗaya. Ni ba kashi 20 na rage ba, kusan duka na soke, na bar ƙaramar gaɓa da aikin jiki guda. Yarinyar nan da nake ganin ba ta da ƙarfi, da jikinta duka take bugu, tun daga yatsun ƙafa. Ni da hannu ɗaya nake yi. Kuma kada wani ya ce ciwon kafaɗa na 'yan koyo ne kawai. Maria Sharapova, da duk masu horar da ita, sai da aka yi mata tiyata a kafaɗa a 2008, ta dawo tana fama da sabis na tsawon lokaci kafin ta ci gasar Faransa a 2012.

Mu koma kan samfurin ƙasa. Na yi kwana uku ina juya maganar a raina. Ba ni da kuɗin ɗaukar leburori na kwana huɗu, kuma ina jin nauyin roƙon mutanen da shekara guda ban taɓa zama na ci abinci da su ba. A ƙarshe dai na rubuta a zauren WhatsApp na ajinmu, a taƙaice, cewa na ji ciwo a kafaɗa kuma ina neman taimako. Kafin isha'i mutum biyar sun amsa. Wani ɗan Inugu ya zo da motar yayansa. Wata 'yar Ondo ta karɓi aikin rubuta lambobi a jikin leda, ta kuma gyara mini kuskure a tsarin ramukan da ni ban gani ba. Suka murɗa ƙarfen nan kwana uku a rana, ni ina tsaye da littafi kamar wani sufeto. In lokacin azahar ya yi su suke tuna mini. Muka gama kwana kaɗan kafin ruwan farko mai ƙarfi. Da na ba Baba labari sai ya yi dariya ya ce, “Malam, ai ku kuke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ba a Hausa aka yi maganar ba?” Ban sami amsar ba shi ba.

Da aka sallame ni na koma fili, Baba bai bar ni na taɓa raket ba sai bayan mako biyu. Jifa ya sa ni, in tsaya a gefe in jefa ƙwallo sama ta tsallake raga, a hankali. Sannan ya zuba ƙwallaye biyu a cikin doguwar safa ya ce in riƙa wulwula ta kamar ina sabis, ba tsayawa. In hannunka ya ɗaure, safar za ta yi laushi ta doke ka a baya, nan take za ka san ka yi kuskure. Abokina kuma ya yanko mini tsohon tiyub ɗin keke, na ɗaure a ƙarfen taga, kullum ina jan sa zuwa waje gwiwar hannu na manne da haƙarƙari. Ya ce tsokokin bayan kafaɗa su ne birki, su ke tsayar da hannu bayan bugu, kuma mota mai gudu ba birki kun san ƙarshenta.

To ku ƙannena biyu da na gani a fili, da duk mai niyyar farawa, ga abin da zan ce. Ku karɓi riƙon gatari tun yau, ku haƙura da dariyar yara na mako biyu ko uku. Ku juya gefe, ku lanƙwasa gwiwa, ku cilla ƙwallon ta ɗan yi gaba, kada ta koma bayan kai. Ku sassauta riƙo, yatsu su riƙe raket kamar an ba ku ƙwai. Kafaɗar baya ta hau sama, kada ku manna hannu da kunne. Ku ɗumama jiki kafin ku fara, kuma talatin masu kyau a gaban mai gyara muku sun fi ɗari a ɓoye. In kuka ji tsini a kafaɗa, ko ciwon da ke tashin ku da dare, ku ajiye raket ku je a duba ku. Man zafi ba ya gyara riƙo.

Sabis ɗina yanzu ba wani abin a zo a gani ba ne. Sam Groth ya taɓa buga na kilomita 263 a awa a 2012, ni nawa in ya kai rabin haka na gode Allah. Amma yana shiga, yana da ɗan sauti, kuma ina tashi da safe ba ciwo. Yarinyar nan har yanzu tana cin ni, sai dai makon jiya na buga mata ɗaya da ta kasa taɓawa, ta tsaya ta tafa mini da raket. Ɗan ƙasar nan, Nduka Odizor, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, don haka wasan bai fi ƙarfinmu ba, kuma filin makaranta da kuɗinmu aka gina shi. Muna can Talata da Alhamis bayan la'asar, akwai raket na aro. Ranar Asabar mai zuwa kuma zan kai 'yan ajinmu biyar ɗin nan Sabo su ci tuwon shinkafa da miyar taushe, duk wanda ke kusa ya zo a gaisa.

Juma'ar nan in sha Allahu da babbar riga zan fito. Masu cewa na sayar, sai ku tanadi abin da za ku faɗa.